Baƙin Launi a Cikin Kan Jariri: Yadda Ake Gane Ko Wane Irin Ƙari Ne

Ranar suna da hantsi, idan wanzami ya gama aske kan jariri a wani gida na Ƙofar Dumi a Bauchi, kakar yaron ce takan karɓe shi ta fara dubawa. Ranar ce ake fara ganin fatar kan sosai. Ga maɗiga tana bugawa a hankali, ga shacin inda ƙasusuwan kai suka haɗu, wani lokaci kuma ga ɗan tabo baƙi a ƙeya ko a bayan kunne. Sai a ce tawadar Allah ce, kakansa ma yana da irinta. Galibi maganar ta ƙare ke nan, kuma daidai ne ta ƙare a nan. Amma akwai jarirai 'yan ƙalilan waɗanda baƙin launin bai tsaya a fatarsu ba. Yana cikin ƙashin kai, ko a jikin mayafin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, ko a cikin wani ƙari da ya tsiro a tsakiyar ƙwaƙwalwar. A kansu nake son yin bayani daki-daki: daga ina launin ya fito, me ya kai shi cikin kai, kuma ta yaya likita yake bambance ƙarin da tiyata kaɗai take warkarwa da wanda yake neman rai.

Tun da fari hankalin iyaye ya kwanta, waɗannan cututtuka ba su da yawa. Ɗaya daga cikinsu, da masu bincike suka tattara duk rahotannin da aka buga a kansa daga 1918 zuwa 2013, marasa lafiya 472 suka ƙirga a duniya baki ɗaya. Likita yana iya gama aikinsa har ya yi ritaya bai ga ko ɗaya ba. Abin da ya sa duk da haka na ga ya dace a yi bayanin shi ne, abin da ido bai saba gani ba shi ake saurin yi wa gurguwar fahimta, a gida da asibiti. Sannan hanyar da ake bi a gano wannan ƙari ita ce ake bi a gano kowane ƙari a jikin yaro.

Mu fara da launin. Abin da ke sa fatarmu baƙi sunansa melanin, kuma wasu ƙwayoyin halitta na musamman ne suke sarrafa shi. Bari mu kira su ƙwayoyin launi. Baƙin mutum da Bature kusan adadin ƙwayoyin launinsu ɗaya ne, bambancin yana ga yawan melanin da suke fitarwa. Zabiya ma yana da su, launin ne ba sa iya sarrafawa yadda ya kamata. To amma waɗannan ƙwayoyi ba a fata aka halicce su ba. Zuwa suka yi daga wani wuri.

A mako na uku zuwa na huɗu da shigar ciki, lokacin da mace ba ta ma gama tabbatar da ɓatan wata ba, ɗan tayi bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. A gadon bayansa wani shimfiɗaɗɗen tantani yakan tada kunya biyu da kwari a tsakaninsu, kamar huɗar manomi. Kunyoyin su yi ta tashi suna karkatowa har bakinsu ya haɗu, kwarin ya rufe ya zama bututu. Bututun nan shi zai zama ƙwaƙwalwa da laka. Daidai inda bakin kunyoyin ya haɗu, wasu ƙwayoyi sukan ɓalle su kama hanya. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Wilhelm His, shi ya fara bayyana su a 1868, a jikin ɗan tayin kaza. 'Yan ci-rani ne na gaske. Wasu su tafi fuska su gina muƙamuƙi da wani sashe na haƙori, wasu su zama jijiyoyin hanji, wasu su sauka a saman ƙoda su zama tsakiyar ƙululun da ke fitar da sinadarin adirenalin, wasu su bazu cikin fata su zama ƙwayoyin launi. Wasu kuwa ba su yi nisa ba. Sun zauna a jikin siririn mayafin da ke manne da ƙwaƙwalwa, wanda sanƙarau ke kamawa.

Ke nan kowane ɗan Adam yana da 'yan ƙwayoyin launi a cikin kansa, musamman ta ƙasa, wajen da ƙwaƙwalwa ta haɗu da laka, kuma sun fi fitowa fili a jikin baƙar fata. Dabbobi ma haka. Wanda ya saba fasa kan rago da Babbar Salla wataƙila ya taɓa ganin ɗigo-ɗigon baƙi a jikin mayafin ƙwaƙwalwar, musamman a tumaki masu baƙar fuska. Likitocin dabbobi sun san shi, kuma ba cuta ba ce.

Akwai tushe na biyu. A can bayan ƙwayar ido akwai wata baƙar shimfiɗa mai shanye haske, ita kuma daga jikin bututun ta fito kai tsaye. Tana da ɗan'uwa a tsakiyar ƙwaƙwalwa, wani ƙululu da bai wuce girman ƙwayar wake ba, ana ce masa finiyal, shi ke fitar da sinadarin da ke daidaita barci da farkawa. A wasu kwaɗi da ƙadangaru wannan wuri yana jin haske kamar ido na uku, kuma a jikin ɗan tayin mutum yakan ɗauki melanin na ɗan lokaci. Wanda ya riƙe waɗannan tushe biyu, sauran bayanin zai zo masa da sauƙi. Ƙari ba wani abu ba ne illa ƙwayoyin da suka ci gaba da rarrabuwa bayan lokacin tsayawarsu ya yi. Idan waɗanda suka ƙi tsayawa 'yan zuriyar masu launi ne, ƙarin yakan fito baƙi, ko ruwan ƙasa, ko shuɗi-shuɗi.

Na farko da za mu duba, likitoci suna taƙaita sunansa da haruffa huɗu, MNTI, ma'anarsa ƙarin jarirai mai baƙin launi ɗan asalin tantanin jijiya. Wani likitan awon tsoka a birnin Budafes na ƙasar Hangari, Krompecher, shi ya fara bayyana shi a 1918, a muƙamuƙin wani jariri. Da ya ga baƙin launin sai ya ba shi suna mai ban tsoro, ya ɗauke shi sankarar ƙwayoyin launi da aka haifi yaro da ita. Bayansa wasu suka ce daga tushen haƙori ya fito, wasu suka ce ɓurɓushin tantanin ido ne da ya ɓace hanya, kowa da sunan da ya raɗa masa. Sai a 1966 wasu likitoci biyu, Borello da Gorlin, suka auna fitsarin wani jariri mai wannan ƙari suka sami wani sinadari da ake kira VMA ya yi yawa, da aka cire ƙarin kuma ya sauka. VMA saura ne da ke fita idan jiki ya narkar da adirenalin da dangoginsa. Wannan ya nuna ƙarin ɗan gidan 'yan ci-ranin nan ne. Ba kowane yaro mai ƙarin ne fitsarinsa ke nuna haka ba, amma asalin ya bayyana. Kusan shekara hamsin ke nan launi yana ruɗar ƙwararru, kuma har gobe yana iya ruɗar wanda ya yi gaggawa.

Fiye da tara cikin goma na masu wannan ƙari ba su cika shekara ba, yawancinsu ma ba su wuce wata shida ba. A kusan shida cikin goma, a muƙamuƙin sama yake fitowa, ta gaba, inda haƙoran farko za su tsiro. Uwa za ta ga dasashi ya kumbura, da ɗan shuɗi ko baƙi-baƙi, ba zafin jiki, yaron ma ba ya kuka idan an taɓa. Cikin makonni kaɗan leɓe ya ɗaga, hanci ya karkace, kama nono ya gagara, wani lokaci har ɗan haƙori ya leƙo kafin lokacinsa saboda ƙarin ya turo shi. Saurin girman nan shi ke firgita mutane, alhali galibinsu ba sa yaɗuwa zuwa wani sashe na jiki. A ƙasarmu, da an ga muƙamuƙin yaro ya kumbura sai tunanin ma'aikacin lafiya ya tafi ga ƙarin Burkitt, wanda aka bayyana a Yuganda a 1958 kuma aka san shi sosai a Najeriya. Sai dai na Burkitt ya fi kama yaran da suka tasa, 'yan shekara huɗu zuwa bakwai, da wuya a gan shi a goyon wata uku.

Kamar kashi 15 cikin 100 kuwa a ƙoƙon kai yake fitowa, sau da yawa kusa da maɗiga ko a kan layin da ƙasusuwa suka haɗu. Abin da ake gani a waje tudu ne mai tauri wanda ba ya motsi. Abin da ba a gani shi ne yadda yake girma ta ciki, yana manne wa kakkauran mayafin ƙwaƙwalwa, yana danne ta. Ƙalilan ne suke tsirowa a cikin ƙwaƙwalwar kai tsaye, kuma waɗannan sun fi hatsari.

A nan zan ɗan tsaya, domin kumburi a kan maɗiga yana da tarihi a Najeriya. Farfesa Latunde Odeku, wanda ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Ibadan a 1962, shi da abokin aikinsa Adelola Adeloye sun buga rahoto a 1971 a kan wata 'yar jaka mai ruwa da ake haifar jariran Najeriya da ita a daidai kan maɗiga. Tana da laushi, ba ta haɗe da ƙwaƙwalwa, ana cire ta yaro ya warke sarai, har wasu littattafai suna kiranta da sunan mutanen biyu. Akwai kuma tarin jini a ƙarƙashin fatar kai bayan doguwar naƙuda, wanda ke bajewa da kansa. Akwai wanda mayafin ƙwaƙwalwa ne, ko ita ƙwaƙwalwar, ta ɓullo ta wata kafa a ƙashi. Duk waɗannan a ido kusan kamarsu ɗaya. Shi ya sa nake roƙo, da girmamawa ga wanzamanmu da iyayenmu mata da suka ga jiya suka ga yau: kumburin da ke kan jariri ko a dasashinsa kada a tsaga shi, kada a sa masa ƙaho, kada a ɗaure shi da zare. A ƙarƙashin maɗiga akwai babbar hanyar jini. Jariri mai nauyin kilo 6 kuwa duk jinin jikinsa bai cika ledar fiyawata ɗaya ba.

Na biyu da na uku ba sai an daɗe a kansu ba, don sun fi na farko ƙaranci nesa ba kusa ba, amma sun fi shi muni. Ɗaya yana fitowa a ƙululun finiyal, aka bayyana shi a 1989. A cikinsa ana samun ƙwayoyi masu melanin irin na bayan ido, da ƙwayoyin jijiya da ba su nuna ba, wani lokaci har da tsokar nama da guringuntsi, abubuwan da ba su da gurbi a tsakiyar ƙwaƙwalwa. Ɗayan kuma wani nau'i ne na medulobilastoma, sankarar ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, wadda take cikin sankarorin ƙwaƙwalwa da suka fi kama yara. Jefi-jefi ana samun wadda ta ɗauki baƙin launi, an fara ba da rahotonta a 1962. Dukansu biyu suna zaune ne a bakin mashigar ruwan ƙwaƙwalwa, suna toshe ta da wuri, kuma ƙwayoyinsu suna iya bin ruwan su sauka har cikin laka.

Na huɗu shi ne ya dawo da mu ga tawadar Allah. Kamar jariri ɗaya cikin ɗari ana haifarsa da ɗan ƙaramin tabo baƙi, kuma ba komai. Shuɗin tabon nan da ake gani a ɗuwawun jariranmu da yawa shi ma ba komai ba ne, yakan dushe kafin yaro ya shiga makaranta. Wanda ake sa wa ido shi ne babban tabo, baƙi ƙirin, mai kauri, sau da yawa da gashi, wanda ya rufe gadon baya ko ƙugu kamar wando, ga kuma ƙananan tabo birjik a sauran jiki. Irin wannan kamar jariri ɗaya cikin 20,000 ne. A wasu daga cikinsu, yadda ƙwayoyin launi suka yi yawa a fata haka suka yi yawa a mayafin ƙwaƙwalwa ko a cikinta. Rokitansky, babban likitan awon gawa na birnin Biyana, shi ya fara bayyana haka a 1861, a jikin wata yarinya 'yar shekara 14. A 2013 masu bincike a asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan, ƙarƙashin Veronica Kinsler, suka nuna cewa a yawancin irin waɗannan yara wani sauyi ne ya auku a ƙwayar gado mai suna NRAS, a cikin ƙwayar halitta guda ta ɗan tayi bayan ciki ya riga ya shiga, sai duk zuriyar wannan ƙwaya suka ɗauke shi zuwa inda suka sauka. Ina son a ji wannan da kyau, saboda na san irin maganganun da akan yi wa mai jego: ba daga uba aka gado shi ba, ba daga uwa ba, ba don ta ci wani abu ko ta kalli wani abu da ciki ba ne.

Ba duk yaron da hoto ya nuna launi a ƙwaƙwalwarsa ne zai shiga hatsari ba. Wasu ba sa nuna wata alama, wasu jijjiga ce da magani ke tsayarwa. Waɗanda launin ya mamaye mayafin ya yi kauri, su ne ruwa ke taruwa a kansu, kuma a cikinsu ne wani lokaci abin ke rikiɗewa ya zama melanoma, sankarar ƙwayoyin launi.

To ta yaya uwa za ta gane akwai matsala a cikin kai? Ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗewa ba, don haka idan wani abu ya cika ciki, kan buɗewa yake yi ya ba shi wuri. Babba zai yi kukan ciwon kai, jariri kuwa kansa ne zai girma. Kewayen kan jariri ranar haihuwa kamar santimita 35 ne, yana ƙara kamar 2 kowane wata a watanni ukun farko, sannan ya rage sauri, ya kai kamar 46 idan ya cika shekara. Tef irin na tela ya isa a auna. Duk ranar da aka kai yaro rigakafi, a mako na 6 da na 10 da na 14 da kuma wata na 9, ya kamata a zagaya tef a kansa a rubuta, kuma uwa tana da ikon ta roƙi a yi. Sauran alamun su ne maɗiga ta kumbura ta yi tauri ko yaro ba kuka yake ba, jijiyoyin fatar kai su fito raɗa-raɗa, ƙwayar ido ta riƙa faɗawa ƙasa har farin sama ya bayyana, amai mai tsartuwa, yawan barci, ƙin nono, taune-taune, ko yaron da ya fara riƙe wuya ya daina. A wajenmu yawancin jariran da kansu ke girma haka ba ƙari ne da su ba, ruwa ne ya taru bayan sanƙarau ko wata cutar jego, ko haka aka haife su. Amma ko wanne ne, asibiti za a nufa a ranar.

Daga Ƙofar Dumi zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka mayar da tsohon Asibitin Ƙwararru na Bauchi ya zama shi a 2010, tafiyar keke napep ce. Matakin farko mai sauƙi ne. Tun da maɗiga a buɗe take, ana ɗora na'urar sikanin a kanta, irin wadda ake duba masu ciki da ita, a leƙa ciki a ga ko ruwa ya taru ko akwai tudu. Hoton CT ya fi nuna abin da ya sami ƙashi. Hoton MRI shi ya fi nuna ƙwaƙwalwa, kuma melanin yana da wata ɗabi'a a cikinsa: a wani salon ɗaukar hoton, inda yawancin ƙari ke fitowa duhu-duhu, shi fari yake fitowa. Ga jariri mai manyan tabo an fi son a ɗauki hoton kafin ya cika wata shida, don bayan nan kitsen da ke naɗe jijiyoyi yana ƙaruwa, shi ma fari yake fitowa, sai ya ɓoye launin. Sai dai tsohon jini da kitse su ma suna haskawa haka. Hoto yana nuna inda abu yake da girmansa, ba ya yanke hukuncin ko mene ne. Idan aikin ya fi ƙarfin inda aka fara, akan tura yaro Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ko na Jos, ko cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Hukuncin yana hannun wani likita da iyaye ba sa cika ganin fuskarsa, likitan awon tsoka. Ga yadda aikinsa yake tafiya.

Da an yanko ƙarin, ko ɗan yanki daga jikinsa, nan take za a tsoma shi cikin ruwan fomalin, wanda yawansa ya ninka girman tsokar kamar sau goma. Fomalin yana tsayar da ruɓewa, ya daskarar da ƙwayoyin a yadda suke. Wannan mataki shi ne mafi arha, kuma a nan aka fi yin asara. Tsokar da aka sa a ruwan gishiri, ko aka naɗe a auduga ta kwana cikin zafin Bauchi na watan Afrilu, ta lalace, ko wane gwani aka kai wa ba zai karanta komai ba. A asibitoci da yawa dangi ake miƙa wa kwalbar su kai ɗakin gwaji. Mutumin da ya gama biyan kuɗin tiyata da na jini, ga wani kuɗin kuma an ce ya biya, yana iya cewa ai an riga an cire cutar, ya tafi da ita gida ya binne kamar yadda ake binne mabiyiya. Na fahimci wannan zuciya. Amma abin da aka binne shi ne kaɗai zai faɗi ko an gama ko da sauran aiki.

Bayan tsokar ta kwana a fomalin, likita zai auna ta, ya duba launinta, ya yanki ƙananan gutsattsari. Idan da ƙashi a jiki sai an jiƙa shi a wani ruwa ya yi laushi, wannan yakan ƙara kwanaki. Daga nan a bi da gutsattsarin cikin sifirit a zuƙe ruwan jikinsu, a cika gurbin da narkakken kakin kyandir, a bar shi ya daskare ya zama ɗan dunƙule kamar guntun sabulu. Wata na'ura mai kaifin aska ta yanko shi sala-sala, kowane sala kamar a raba kaurin takarda gida 25. A ɗora a kan gilashi, a rina. Rini biyu ne na yau da kullum: ɗaya ya mai da cibiyar ƙwaya shuɗiya, ɗaya ya mai da jikinta ja-ja.

Da ya sa gilashin a madubin awo ya ga ɗigon baƙi ko ruwan ƙasa, tambayarsa ta farko ita ce, wannan melanin ne kuwa? Domin abubuwa da dama suna kama da shi. Inda jini ya taɓa zuba a cikin ƙari yakan bar tsatsar ƙarfe mai ruwan ƙasa. Akwai rinin da Max Perls ya fito da shi a 1867, wanda ke mai da wannan tsatsa shuɗiya kamar an tsoma ta a marina, melanin kuwa ba ya sauyawa. Fomalin da ya yi tsami yakan bar baƙin gari a kan tsoka. A ƙasa irin tamu kuma akwai na zazzaɓin cizon sauro: ƙwayar cutar tana cin jan jini ta bar wani baƙin kashi a cikin ƙananan hanyoyin jini. Wannan baƙin ne ma wani likita mai suna Laveran ya bi sawunsa har ya gano ƙwayar cutar a Aljeriya a 1880. Na fomalin da na sauro duka suna wankewa da wani ruwa na musamman da ba ya taɓa melanin. Shi melanin ana tabbatar da shi ta hanya biyu: rinin azurfa yana ƙara masa baƙi, ruwan haidirojin irin na wanke ciwo kuma yana kore shi fes. Korewar tana da wani amfani, domin idan launin ya yi yawa yana rufe fuskar ƙwayar, sai an share shi ake ganin cibiyarta.

Tambaya ta biyu, su wane ne ke ɗauke da launin, kuma da wa suke zaune? MNTI yana da tsari da ba a mance shi idan an taɓa gani. Iri biyu ne na ƙwayoyi a cikin ƙananan ɗakuna da zaruruwa masu kauri suka kewaye. Manya masu faɗin jiki, cike da melanin, sun jeru a jikin bango. Ƙanana masu duhun cibiya, marasa launi, sun taru a tsakiya, kamar yara a tsakar gida manya sun zagaye su. Hatsarin yana nan: idan yankin da aka kawo ƙarami ne ya faɗa kan ƙananan kaɗai, sai ya yi kama da niyurobilastoma ko wata muguwar sankarar yara. Idan ya faɗa kan manyan kaɗai, sai a ce melanoma. Ko wanne aka rubuta bisa kuskure, an ɗora jariri a kan magani mai guba da ba ya bukata, ko an sa iyaye sun yanke ƙauna a kan cutar da ake warkewa. Shi ya sa takardar da ke raka kwalba take da nauyi. Watannin yaron, daidai inda aka yanko, abin da hoto ya nuna, ko yana da tabo a fata, duk sai an rubuta. Melanoma a jaririn da ba shi da babban tabo abu ne mai wuyar samu ƙwarai, kuma likitan da ya san yana duba tsokar ɗan wata huɗu zai yi tunani sau biyu kafin ya rubuta wannan kalma.

Idan shakka ta rage, sai a koma ga rini na zamani, wanda kowane ɗaya furotin guda yake nema ya manne masa. A MNTI manyan ƙwayoyin suna kama rinin saitokeratin da na HMB-45, ƙananan suna kama na sinaftofaisin, alamar ƙwayoyin jijiya. Melanoma tana kama HMB-45 da S100, amma galibi ba ta kama saitokeratin. Ga yaro mai launi a mayafin ƙwaƙwalwa kuwa, abin da ake dubawa shi ne ko ƙwayoyin suna kwance lafiya masu kama da juna, ko sun fara sauya kama, suna rarrabuwa da yawa, suna kutsawa cikin naman ƙwaƙwalwa, wasu wuraren suna mutuwa. Ba kowane ɗakin gwaji ne yake da waɗannan rini a kowane lokaci ba, kuma suna da tsada. Amma dunƙulen kakin nan ba ya lalacewa, yana shekaru. Ana iya sa shi a ambulan a aika Kano ko Zariya ko Abuja ko Legas, wani likitan ya sake yankawa ya duba, ba tare da an sake taɓa yaron ba. Iyaye suna iya neman a yi haka, kuma likitan kirki ba ya jin haushin a nemi ido na biyu a kan cutar da shi ma bai saba gani ba.

Sunan da ya fito a takardar sakamako shi ke raba hanya. Idan MNTI ne, maganinsa a cire shi duka, kuma yawancin yaran suna warkewa su girma. Kamar ɗaya cikin biyar ko shida yakan dawo, galibi a cikin watanni shidan farko, kuma ya fi dawowa ga waɗanda ya kama tun ba su cika wata biyu ba. 'Yan kaɗan ne ƙwarai yake yaɗuwa a jikinsu, madubin awo kuma ba ya iya nuna tun farko wanne ne zai yi hakan. Idan na finiyal ne ko medulobilastoma, bayan tiyata sai an haɗa da allurar sankara, gashin haske kuwa ana ƙoƙarin kauce masa kafin yaro ya kai shekara uku, saboda yana lahanta ƙwaƙwalwar da ke girma. Idan launi ne ya mamaye mayafi, ana sa siririyar roba ta janye ruwa daga kai zuwa ciki, a ba da maganin jijjiga. An gwada wani magani mai suna trametinib, wanda ke toshe hanyar da NRAS ke aika saƙo, ya sauƙaƙa wa wasu yara ƙalilan na ɗan lokaci, amma bai warkar da su ba.

Uwar da ta dawo Ƙofar Dumi da jaririnta bayan tiyata, abu uku za ta adana tare da katin rigakafi: takardar sakamakon awon tsoka, lambar da aka rubuta a jikin dunƙulen kakin, da ranar da aka ce ta koma. Ko wurin ya warke sumul, ko yaron yana tsotso yana dariya, ta koma a ranar. Tsakanin zuwa da zuwa kuma, idan tana yi masa wanka, ta riƙa shafa wurin da yatsa tana jin ko wani tudu ya fara tasowa.